Mugun Uban da Auta Ta Rubuta

Auta ake ce mata a gida, kuma sunan ya bi ta har wurin aiki, har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. A ɗakin kati na wani asibiti take aiki, wani ɗan tsukukun ɗaki mai taga ɗaya da ƙarafa a jiki. Marasa lafiya su miƙo kati ta tagar, ita kuma ta taka kujera ta lalubo fayil a saman kanta, ta karkaɗe shi, ta miƙa. Fankar sama tana juyawa kamar an yi mata dole. In layi ya ƙare sai ta jawo aljihun tebur ta fito da takardunta ta ci gaba da rubutu, don ita a ranta marubuciya ce, aikin kati na rufin asiri ne kawai.

Babanta mai gyaran rediyo ne. Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, dogon mutum ba ya shiga sai ya sunkuya. Kullum wurin yana warin dalma da ƙonanniyar waya. Tabaransa ya karye tun tuni, ya ɗaure hannu ɗaya da jar wayar lantarki, ya ce ai gani ake nema, ba ado ba. Yana da wata ɗabi'a da duk layin suka san shi da ita: kafin ya yi magana sai ya ɗan ƙwanƙwasa tebur da gindin sukudireba, ya gyara murya, sannan ya faɗi abin da zai faɗa, wanda sau da yawa bai wuce "To, Allah ya kyauta" ba.

Mamarsu ta rasu Auta tana ƙarama. Baba bai sake aure ba, shi ya riƙe su, ita da yayarta. Shi ne girki, shi ne wanki. Har kitso ya gwada yi musu, ya fito a karkace, 'yan makaranta suka yi ta dariya, Yaya ta yi kuka, Auta kuwa ta ƙi yarda a tsefe nata. Da an tashi makaranta shagon suke zuwa, su zauna a kan wata tsohuwar sifika. A nan Auta ta kamu da son labari. Baba yana gwada rediyon wani, sai wasan kwaikwayo ya fito, ana tsaka da rikici mai rediyo ya zo ya ɗauki abinsa ya tafi.

"Baba, sai me ya faru?"

"Ina zan sani? Ke ki ƙarasa mana."

Ita kuwa sai ta ƙarasa, yana lanƙwasa waya yana gyaɗa kai.

Da ta girma ta tashi rubuta littafinta na farko, ba ta yi wani dogon tunani ba, ta san a kan wa za ta rubuta. Labarin wani mutumin kirki ne mai gyaran rediyo. Shekaru ta kwashe a kansa. Takan yini tana juya jimla ɗaya, ta cire kalma, ta mayar, ta sake cirewa. Ta ba da shafuka a kan yadda hannun mutumin yake riƙe waya, da yadda hasken safe yake sauka kan matakala, da yadda yake hura wa 'ya'yansa shayi kafin ya miƙa musu. Abin da ta sa a gaba biyu ne: kada ta faɗi ƙarya, kada kuma ta bar jimla ko ɗaya maras daɗi.

Wani mai ɗab'i ya karɓa, mutum mai tumbi da yawan dariya, ofishinsa a saman shagon sayar da takarda. Ya buga kaɗan. Kaɗan ɗin ma suka zauna a kwali.

Akwai wata nas a asibitin, ƙawarta ce, Sista ake ce mata, ba a raba ta da littafi ko a lokacin cin abinci. Ita Auta ta fara ba wa. Bayan wani lokaci Sista ta dawo mata da shi ta taga, da ledar ƙwayar magani a maƙale a inda ta tsaya. Ko rubu'i ba ta kai ba.

"Wallahi kalmominki kamar zuma," in ji Sista. "Amma Auta, yaushe wani abu zai faru? Ina ta jira mutumin nan ya yi wani abu, sai shayi yake ta hurawa."

Auta ta yi dariyar yaƙe. Da ta koma wurin mai ɗab'i ta yi ƙorafin cewa mutane ba su san abu mai kyau ba, sai ya jingina da kujera ya ɗora hannuwa a tumbi.

"Ku marubuta so kuke a ce kun iya. Mai karatu kuwa ba ruwansa da iyawarki, so yake ya san me zai faru gaba. Matar da ta yini a tsaye a kasuwa, ta dawo ƙafa a kumbure, kina zaton za ta buɗe littafi don ta ga hasken safe a kan matakala? Ki ba ta wanda za ta tsana. Ki ba ta yarinyar da za ta ji wa tsoro. Sannan ki hana ta abin da take so har shafin ƙarshe. In kin yi haka ko da gawayi kika rubuta za ta karanta."

Ta sauko daga benen zuciyarta tana tafasa. Ta ce a ranta, mugu kuke so ko? Za ku gan shi.

Amma da ta zauna rubutawa sai mugun ya ƙi tsayuwa. Ta gwada wani attajiri mai manyan motoci, ya fito kamar hoton jikin kalanda. Ta gwada wani shugaban ofis, shi ma haka. Ba ta san yadda suke tari ba, ba ta san me suke yi da hannuwansu in suna tunani ba. Namiji ɗaya ne a duniya ta sani har farcensa. Wata rana da rana tsaka, layi ya ƙare, ta rubuta cewa mutumin ya ƙwanƙwasa tebur da gindin sukudireba, 'ya'yansa mata biyu suka riƙe numfashi don tsoro. Ta san ta samu.

Daga nan alƙalami ya riƙa gudu da kansa. Ta ɗauki shagon ƙarƙashin matakala, ta ɗauki tabarau mai jar waya, ta ɗauki gyaran murya, ta zuba musu baƙar zuciya. Mutumin cikin littafi yana kulle 'ya'yansa a shago ya tafi. Ya hana a kai matarsa asibiti har ta cika. Ya kama hannun ƙaramar 'yarsa ya ɗora mata ƙarfen dalma mai zafi don ta fasa masa wani abu. Wannan ma daga jikinta ta ciro shi, don tana da tabo a wuyan hannu. Sai dai a gaskiya ita ta kai hannu ta taɓa ƙarfen tana 'yar mitsitsiya, Baba kuma ya saɓe ta a kafaɗa ya yi ta gudu da ita ba takalmi har wurin mai magani, yana kuka fiye da ita. Ta gaya wa kanta cewa riga kawai ta ara, duk mai hankali ya san labari labari ne.

Littafin ya tafi kamar wutar daji. Sista ta karance shi a tsaye a ɗakin allura, ta zo taga idonta jawur. Aka sake bugawa, aka kuma sakewa. Mata a layin kati suka fara gane ta. In ta miƙo fayil sai idonsu ya sauka kan wuyan hannunta, su kalli juna.

"Allah sarki, baiwar Allah. Kin ga rayuwa."

"Ai labari ne kawai," takan ce, tana ɗan murmushi. Murmushin nan shi suke ɗauka su tafi da shi. Mai ɗab'i kuwa ya ce mata, "Kar ki ce gaskiya ne, kar kuma ki cika musantawa. Bar su da zatonsu." Ta bar su. Daɗin da take ji ba ta taɓa jin irinsa ba. Mutanen da ba ta sani ba suna faɗa a mota a kan abin da ta ƙirƙira a bayan taga. Wata ta ce mata shinkafarta ta ƙone saboda babi na tsakiya. Auta ta yi ta maimaita wannan a ranta har ta isa gida.

Yaya ce ta zo ta same ta a wurin aiki. Ba ta bi layi ba, ta zagayo ta ƙofar baya ta turo, ta tsaya tsakanin kantocin fayil da mayafinta a hannu.

"Ke, wa ya yi miki kitso da kina ƙarama?"

"Yaya, don Allah, nan wurin aiki ne."

"Na ce wa ya yi miki kitso? Wa ya tauna miki nama da ba ki da haƙori? Kin san abin da ake yi masa a layin nan? Mata suna janye 'ya'yansu daga ƙofar shagon. Mai shayin da suka shekara suna zama tare yanzu ba ya haɗa ido da shi. Shekaranjiya wata ta tsaya ta tofar da yawu a gabansa, shi ko dalili bai sani ba, har yana tambayarta ko lafiya."

"Ni ban sa sunansa ba."

"Kin sa tabaransa! Mutum nawa ne a garin nan suke ɗaure tabarau da jar waya a ƙarƙashin bene?"

Wani ya ƙwanƙwasa ƙarfen taga yana neman katinsa. Yaya ta yafa mayafinta ta fita, ba ta rufe ƙofar ba.

Sai da ta yi ta jan ƙafa kafin ta je shagon. Da yamma ne, rana ta karkata ta shigo har ƙarƙashin matakalar. Dama aikin rediyo ya ja baya tun da waya ta cika hannun mutane, amma ba ta taɓa ganin kantar a wofi haka ba. Baba yana zaune, ga littafin a kan tebur, bangonsa ya lanƙwashe saboda riƙo. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya tambayi aiki, ya janyo mata tsohuwar sifikar nan ta zauna.

"Na karanta," ya ce. "Wani yaron makwabta na aika ya sayo mini, da na ga abin ya yi yawa. Auta, kin iya. Wallahi kin iya. Na kasa ajiye shi. Dubi nan." Ya nuna mata wani baƙin tabo sabo a kan teburin. "Na manta da ƙarfe a wuta. Ina ta Allah-Allah in ga ƙarshen mutumin nan, in ga ko yaran za su tsira. Sai da na kai tsakiya na ce, af, ai wannan tabarauna ne."

Ya yi 'yar dariya. Ita ta kasa.

"Baba, na farkon fa? Shi ne naka. Shi na rubuta maka."

Ya ɗan sunkuyar da kai, kamar yaron da aka kama bai yi aikin gida ba. Bai iya ƙarya ba, ko ta sauƙaƙa wa mutum.

"Yana nan, na adana shi. Na fara. Nakan ɗauko in ci gaba, sai barci ya ɗauke ni. Tsufa ne."

Ana ta hawa da sauka a matakalar da ke saman kansu.

"Abu ɗaya zan tambaye ki," ya ce. "Maganar mamarku. Ko akwai ranar da kika taɓa zaton haka aka yi? Kina ƙarama lokacin, ba ki san komai ba. Ko wani ya taɓa gaya miki na ƙi kai ta?"

"A'a, Baba. Wallahi a'a. Ƙirƙira na yi."

"To. Shi ke nan."

Ya ɗauki sukudireba zai ƙwanƙwasa tebur kamar yadda ya saba. Hannun ya tsaya a sama. Ya kalli abin, ya ajiye shi a hankali a gefe, ya haɗa hannuwansa a cinya. Daga ranar ba ta sake jin ya ƙwanƙwasa ba. Zuwanta na gaba ta tarar ya sayi sabon tabarau na roba a bakin titi, ya yi masa girma, yana ta zamowa kan hanci.

Ta yi ƙoƙarin gyarawa, wannan ba za a hana ta ba. An gayyace ta wani taron masu karatu a zauren wata makaranta, mata cike har bakin ƙofa. Ta miƙe ta riƙe makirfo da hannu biyu, ta ce mahaifinta mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, tabon hannunta ita ta jawo wa kanta. Sai wata dattijuwa a layin gaba ta ce da ƙarfi, "Kun ga 'yar halak! Duk abin da ya yi mata, har yau tana rufa masa asiri." Aka ɗauki tafi. Wasu suna share hawaye. A ranar littafin da aka kawo bai isa ba.

Da aka matsa mata a kan kashi na biyu sai ta ga dama ce ta samu. Ta rubuta mutumin ya yi nadama, ya nemi gafarar 'ya'yansa, ya zama wani mutum daban. Mai ɗab'i ya ba wasu mata suka karanta kafin a buga, suka dawo masa da shi a fusace. Ɗaya ta ce in haka za a ƙare a bar shi. Ya kira Auta ya tura mata takardun.

"Ba tubansa suke jira ba. So suke su ga ya ƙara, sannan su ga ya wulaƙanta. In kin fi son ki koma cikin kwali, ni ba zan hana ki ba."

Ta ɗauki takardun ta tafi gida da niyyar ba za ta canza ko wasali ba. Ta tuna ledar maganin nan a maƙale a farkon littafi. Ta tuna yadda ake yi mata kallon ma'aikaciyar kati kawai, a miƙo a karɓa. Ba wanda ya tsare ta da bindiga. Da hannunta ta yage babin nadamar, ta rubuta wani, kuma ta san yayin da take rubutawa cewa ya fi wancan kyau nesa ba kusa ba. Wannan ne ya fi ci mata rai daga baya.

Baba ya rufe shago kafin na biyun ya fito. Yaya ta ɗauke shi ya koma gidanta a wata unguwa mai nisa, inda ba a san shi ba. Suka ba shi ɗakin kusa da ƙofa. Yakan zauna a baranda da jikokinsa, yana gyara musu kayan wasa da fitilar hannu. Auta takan je in ta san Yaya ta fita. Kullum sai ya tambaye ta, "Me ake rubutawa yanzu?" Ita kuma ta ce, "Ba komai, Baba." Ya ce, "A'a, kar ki bari. Baiwa ce." Da zai zage ta sau ɗaya da ta samu sauƙi, amma har ciwon ƙirji ya kwantar da shi bai canza mata fuska ba. A asibitin da take aiki ya cika. Ita ta lalubo fayil ɗinsa ta miƙa.

Ana zaman gaisuwa a falon Yaya, mata sun cika tabarmi da kujeru, sai ga wata baƙuwa da ba wanda ya sani. Ta tambayi wacce ce marubuciyar, aka nuna mata. Ta ratsa mutane ta zo ta durƙusa gaban Auta, ta kama hannunta, wanda yake da tabon, ta riƙe shi a ƙirjinta. Fuskarta cike da tausayi na gaske.

"Daga nesa na zo," ta ce, a hankali, amma ba a hankalin da zai hana a ji ba. "Nawa uban ma haka yake. Ki yi haƙuri. Yanzu kin huta."

Yaya tana zaune kusa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙe, ta je bakin ƙofa, ta tambayi wanne ne takalmin baƙuwar, ta ɗauka ta ajiye shi a waje can bakin get. Sannan ta dawo ta tsaya a kan Auta.

"Tashi ki raka mai karatunki."

Auta ta tashi. Suka taka har bakin titi, matar tana ta ba da haƙuri in ta yi kuskure, tana ba ta labarin nata uban, da duka, da yunwa, da yadda littafin ya sa ta ji ba ita kaɗai ba ce. Auta ta buɗe baki za ta faɗa mata gaskiya, ta kalli idon matar, ta rufe. Da mota ta tsaya, matar ta sa ƙafa ɗaya ciki ta waiwayo.

"Akwai na uku?"

"Akwai," in ji Auta.

Ya fito da damina, ya kuma fi na baya tafiya. Yaya ba ta yarda a shigo mata da ko ɗaya gida. Suna gaisawa in sun haɗu a sabgar dangi, gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau. Amma 'ya'yan Yaya sun girma, kuma a makaranta littattafan suna yawo hannu zuwa hannu. Wata ranar hutu babbar cikinsu ta zo gidan Auta ita kaɗai, ta sha ruwa, ta yi ta kame-kame, sannan ta ce, "Anti, da gaske haka Kaka yake da yana saurayi?"

"A'a," Auta ta ce. "Ko kusa. Ke ma ai kin san shi. Ba shi ya gyara miki fitilarki ba?"

"To," in ji yarinyar, irin to ɗin da ake ce wa babba don ladabi. Ta ɗan yi wasa da bakin mayafinta. "Na karanta biyu a wurin ƙawata. Ba ta da na ukun."

Auta ta daɗe tana kallonta. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki, ta ɗauko, ta naɗe shi a leda baƙa ta miƙa mata.

"Kar mamarki ta gani."